Gwajin tsakar rana: yadda nake duba shafi kafin in miƙa wa mai shi

Duk shafin intanet da na gina, kafin in miƙa shi sai na ɗauki tsohuwar wayata mai tsagaggen gilashi na fita tsakar gida da azahar, in ga ko masu nakasa za su iya amfani da shi. A 2008 ne W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin intanet, ta fitar da WCAG 2.0, wato ƙa'idojin sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da shafukan intanet, ta kuma fitar da wasu ƙa'idoji daban na wayar hannu. Masu bincike a Jami'ar Manchester ta Ingila suka kwatanta matsalolin masu nakasa da na masu amfani da wayar hannu, sai ga shi matsalolin sun yi kama sosai. Kuskuren da mai rawar hannu ke yi a kwamfuta, shi lafiyayye ke yi da ƙaramar waya, balle a cikin adaidaita sahu.

Fara da rana. Rubutu mai launin toka a kan fari ɓacewa yake yi, kuma haka mai raunin gani yake ganinsa ko a ɗaki. Ƙa'idar WCAG ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da launin bayansa ya kai 4.5 bisa 1.

Sai ka riƙe wayar da hannu ɗaya, ka danna komai da babban yatsa. WCAG 2.2 na 2023 ya yarda da maɓalli mai fiksel (ɗigon da ake auna girma da shi a fuskar waya) 24 tsawo da faɗi. Ni dai ban taɓa gamsuwa da wannan ba, 44 nake sawa. Ninka girman rubutu, ka ga ko sai an ja shafin gefe kafin a gama layi. Kashe sauti: bidiyon yana da rubutun magana a ƙasa?

Amma kada ka tsaya nan, domin mai gani ba ya cin karo da duk abin da makaho ke cin karo da shi. Kunna manhajar da ke karanta wa makafi abin da ke fuskar waya, wato TalkBack a Android ko VoiceOver a iPhone, ka rufe ido, ka yi ƙoƙarin cike fom har ƙarshe. Ranar da na fara gwada wannan a shafin wani mai sayar da takalma, kunya ta kama ni. Wayar ta yi ta cewa maɓalli ne, maɓalli ne, har sau biyar, ba ta faɗi ko na mene ne ba. Hotunan takalman ma babu bayani, sai sunan fayil da lambobi take karantowa. Na zauna a kan tabarma na rubuta wa kowane hoto bayaninsa: baƙin takalmin fata na maza, lamba 42.