Yadda na gyara na'urar auna gas mai buga ƙararrawar ƙarya a ramin haƙar ma'adinai

Kwana uku na'urar auna gas da muke ɗauka zuwa bakin aiki tana buga ƙararrawa babu dalili. Abin ya dame ni ƙwarai. Iskar mitan, gas mai kama wuta da na'urar ke aunawa, tana fashewa idan ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar wurin, kuma in ma'aikata suka saba da ƙararrawar ƙarya, ranar ta gaskiya ba mai motsawa.

Da farko batir na zarga. Na fito da ita sama na canja shi, don ba a buɗe batir ko caji a cikin rami, tartsatsi ɗaya ya isa. Ba ta daina ba.

Sai na lura lambobin suna tsalle ne daidai lokacin da famfon ruwa ya tashi. Na bi wayar da ke kai saƙo daga na'urar zuwa akwatin sarrafawa, ashe an haɗa ragar ƙarfen da ta lulluɓe ta da ƙasa ta duka bakin wayar biyu, wutar famfon tana zagayawa ta ciki. Bayan an kashe wuta an auna iska, na cire haɗi ɗaya, na bar na wajen akwatin sarrafawa, na kankare tsatsarsa na ɗaure shi tamau.

Na gwada ta da gas ɗin gwaji, ta amsa daidai. A iska mai tsabta kuma oksijin ya tsaya kashi 20.9 cikin ɗari, yadda ya kamata.