Ɗanɗanon Tabar Lofe ta Birjiniya Mai Haske: Yadda Ake Gwada Falle da Falle a Yamai

Tabar Birjiniya mai haske ba ta da hayaniya. Bambancin gwangwani biyu ɗan siriri ne, kuma da zarar ƙoƙon lofe ya yi zafi ko ganyen ya jiƙe da yawa, duk sai su zama abu guda: tururi mai ƙona harshe. Saboda haka rabin aikin ɗanɗano ana gama shi ne tun kafin a ƙyasta alimeti.

Launin rawaya da zaƙin wannan taba daga wajen busarwa suke fitowa. Ana rataye ganyen a rufaffen ɗaki, a riƙa tura zafi ta bututu ba tare da hayaƙi ya taɓa shi ba, kusan mako guda, ana ƙara zafin sannu a hankali har wajen digiri 70. Zafin yana tsayar da sukarin ganyen kafin ya lalace, shi ya sa ta fi tabar da aka shanya a iska zaƙi nesa ba kusa ba. Ana danganta gano dabarar da wani bawa mai suna Stephen a Karolina ta Arewa, Amurka, a 1839. Abin da ake rubutawa "flake" a gwangwani kuwa ganye ne da aka danne ya zama curi, aka yanka shi falle-falle. Wanda ya saba da tabar gida da ake taunawa da kanwa kada ya sa ran irin wannan ƙarfin. Nan ƙamshi ake bi.

Kada ka wuce iri biyu ko uku a zama ɗaya. Orlik Golden Sliced da Capstan mai shuɗin gwangwani sun dace da farawa, duka gram 50. In kana son ma'auni daga ɗaya gefen, ƙara Full Virginia Flake na Samuel Gawith da ake yi a Ingila, wadda ta fi duhu da nauyi. Kusa da ita ne za ka gane me ake nufi da haske.

Lofen ya zama mai matsattsen ƙoƙo, faɗin milimita 18 zuwa 20, wanda bai taɓa ɗaukar Latakiya (baƙar tabar da ake busarwa da hayaƙi) ko taba mai turaren banila ba. Warinsu yana maƙalewa a itace, ya rufe komai. Mafi sauƙi shi ne lofen totuwar masara guda biyu iri ɗaya, sababbi, kowace taba da nata. Auna gram 2 na kowace da ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinariya. Shirin ma ya zo ɗaya: in ka murje wannan a tafin hannu, murje waccan. Murjajjiya ta fi saurin kamawa da fitar da ɗanɗanon sama, wadda aka naɗe aka tura yadda take ta fi jinkiri da sanyi amma tana yawan mutuwa. Don gwaji, murjewa ta fi adalci.

Batun danshi shi ne inda yanayin Yamai yake yi wa mutane wayo. Shawarar da ake bayarwa a Turai, a baza taba rabin awa ko awa guda ta sha iska, ba ta aiki a nan cikin hunturu. Da iskar Janairu, minti biyar zuwa goma sun isa murjajjen falle, in ka yi sakaci ya zama gari, ya ci wuta kamar kara, zaƙin ya tafi. A watan Agusta kuwa rabin awa ma kan kasa. Saboda haka manta da agogo, yi da yatsa: matse ɗan kaɗan, in ya dunƙule ya zauna, da saura, in ya buɗe a hankali bai karye ba, ya yi, in ya farfashe, ka makara. Tabar Gawith kan zo da danshi fiye da sauran, sai ka ba ta lokaci ninki biyu. Dole dukkansu su kai matsayi ɗaya, in ba haka ba ruwa kake gwadawa.

Cika ƙoƙon sakwa-sakwa a ƙasa, ɗan danni a sama, ja iska ka ji tana wucewa ba tare da ƙoƙari ba. Bari warin kan alimeti ya ƙone tukuna, kunna saman, danne tokar da ta kumburo, sake kunnawa. Daga nan zuƙa ƙanana, kamar mai kurɓar shayi mai zafi, kuma hayaƙin a baki yake tsayawa, ba a haɗiye shi. In ƙoƙon ya fi ƙarfin riƙewa a hannu, ajiye shi ya huce. Sake kunnawa ba aibu ba ne.

Raba ƙoƙon gida uku a ranka. A na sama nemi ɓawon lemun tsami da busasshiyar ciyawa. A tsakiya zaƙin yake fitowa, wani kamar zuma, wani kamar burodin da aka sauke yanzu, kuma a nan ne iri biyu suke rabuwa sosai. Na ƙasa yakan yi duhu. In ɗaci ko tsami ya shigo, yawanci ruwa ne ya taru a gindi, tura tsinken goge lofe ya tsotse shi. Fitar da ɗan hayaƙi ta hanci sau ɗaya a kowane kashi, domin hanci ya fi harshe gane ciyawa da lemu. Rubuta abin da ka ji nan take, da yawan kunnawa, da ko harshe ya yi zafi.

Baki ya zama tsabtatacce. Goro, yaji da shayi mai na'ana'a duk suna kashe ɗanɗano, ruwa kawai za a sha, a kuma bar awa guda tsakanin ƙoƙo da ƙoƙo. Da rana tsaka a watan Afrilu babu abin da za ka ji, bari sai bayan isha'i. In da abokin da zai cika maka lofen ba ka ga gwangwanin ba, ya fi, don suna yana ruɗin harshe.

Kada sanyin hayaƙin ya yaudari kowa: tabar lofe tana da nikotin mai kama mutum, tana kuma jawo kansar baki da maƙogwaro ko ba a haɗiye ba. Dokar Nijar ta 2006 ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a, kuma ɗakin da yara suke ba wurinta ba ne.

Gwangwanin da aka fasa ba ya riƙe danshi a wannan gari. Juye sauran cikin kwalbar gilashi mai murfin roba tun ranar, rubuta kwanan wata, ɓoye ta a inuwa. Bayan wata shida sake gwajin da lofen nan da gram ɗin nan: kaifin lemun yakan ragu, zaƙin ya ƙaru, kuma wadda ta zo ta biyu a karon farko tana iya wucewa gaba.