Yadda na samu ƴar mesata ta koma cin abinci

Ƴar ƙaramar mesata, irin mai dunƙulewa kamar ƙwallo ɗin nan, sati biyar cur ba ta ci komai ba, ga rama har ƙashin bayanta ya fito zayyan-zayyan, da na ɗora ta a sikelin kicin giram 58 kawai na gani, wallahi hankalina ya tashi sosai.

Ashe laifina ne. Akwatin da na saka ta ya yi mata girma, babu wurin ɓuya, kuma kullum ina ɗaukarta a hannu, ga hunturu ya shigo iska ta bushe ƙarau, da daddare sanyi. Maciji in jikinsa bai ɗumama ba abinci baya narkewa, shi ya sa yake ƙin ci.

Na mayar da ita ƙaramar robar da na huda wa ramuka, na sa maɓoya biyu, gefe ɗaya ɗumi digiri 31, ɗaya gefen 26, da kwanon ruwa da ɗan jiƙaƙƙen tsumma saboda laima. Kashinta na kai wa likitan dabbobi, ya ga tsutsar ciki ya ba ta magani daidai nauyinta, don Allah kar ku ba da magani da ka.

Sati ɗaya ban taɓa ta ba. Ranar da daddare na ɗumama ɗan jaririn ɓera a ruwan ɗumi, wanda bai fi kaurin jikinta ba, na miƙa mata da hantsaki na kashe fitila, sai kawai ta cafke. Yanzu duk kwana shida take ci, jiya giram 84.