Yadda na haɗa tsohuwar firinta LaserJet 4 da sabuwar kwamfuta

Irin wannan firinta ta HP, wadda har yanzu ake gani a shagunan buga takardu na Damagaram, ba ta da kafar USB. Tata mai faɗi ce, mai haƙora 36, sabbin kwamfutoci kuwa sun daina zuwa da mahaɗinta. Na sayi waya mai USB a kai ɗaya, mai haƙora 36 a ɗayan.

Kafin a jona wuta, a karanta lambar ƙarfin wuta da ke bayan firintar. Wutarmu 220 ce; in an rubuta 110, kayan Amurka ne, sai da taransifoma, in ba haka ba nan take za ta ƙone.

Windows 10 ba ta gane ta da kanta ba, sai na ƙara ta da hannu. A nan mutane ke ruɗewa: wajen zaɓen kafa, suna zaɓar LPT1, sunan tsohuwar kafar firinta, don sun ga tsohuwa ce, takardu su taru a layi, ko ɗaya ba ta fita. USB001 ake zaɓa, domin ta nan kwamfutar ke ganin wayar. Sunan firintar bai cikin jerin da Windows ta nuna, na danna Windows Update, na jira mintoci kaɗan da intanet, ya bayyana.

Daga nan allon firintar ya rubuta PC LOAD LETTER. Ba lalacewa ba ce, takardar Amurka take nema. Na mai da girman zuwa A4 a kwamfuta.

Robar jan takarda kuma ƙurar hunturu ta sa tana sulɓi. Tsumma mai ɗan laima ya isa.