Kurakuran da aka fi yi wajen sabunta BIOS kamin a sa Windows 11

Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, kowa a nan Maraɗi so yake a ɗora mishi Windows 11 bisa tsohuwar kwamfutarshi, irin HP da Dell na hannu da ake kawowa daga Kano. Ba laifi, amma kamin nan akwai BIOS, shi ke tada na'ura tun Windows ba ta buɗe ba, kuma wajen sabunta shi ne ake ta ɓarna.

Babbar matsalar kuran ce wallahi. In kuran ya yanke ana tsakiyar aikin, ga batiri ya mutu tuntuni, to sau da yawa shi ke nan, ka danna ka ji fanka na juyawa amma allo baƙi ƙirin. Na gani da idona wajen wani ƙanena, aikin ya wuce rabi anka ɗauke kuran, sai da munka kai ma mai gyara ya ciro ɗan guntun BIOS ɗin ya sake rubuta shi, kuɗin da bai shirya ba. Don Allah ku cika batiri, ku bar caja a jone, in batirin ba ya riƙe wuta ku je inda ke da sola. Ko allo ya yi duhu na'urar ta yi ta kashe kanta tana tashi, kar ku taɓa, aikin kenan.

Sai masu karɓar fayil daga kile ɗin aboki wai ai duk HP ce. Ba ɗaya ba ne, EliteBook 840 G3 daban G5 daban. Juya na'urar ka duba lambar da ke gindinta, ka sauko da nata daga shafin kamfanin kawai. Buga msinfo32 a wurin bincike na Windows ka ga wane BIOS gare ka yanzu, wataƙila ma sabon ne.

In BitLocker, wato abin da Windows ke kulle bayanan na'ura da shi, na kunne ka dakatar da shi tukuna, in ba haka ba na'urar na iya tambayarka makulli mai lamba 48, wanda galibin masu sayen ta hannu ba su da shi. Takardunka da hotuna kuma kwashe su gefe.

Abin da ya fi damuna, wasu na zaton sabon BIOS zai maida tsohuwa yarinya. Windows 11 na son TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro a cikin na'ura) da UEFI (BIOS na zamani) mai tsaron tashi da ake ce ma Secure Boot, RAM giga 4, da processor Intel daga zubi na 8 zuwa sama. TPM ɗin wani lokaci yana nan a kashe ne, shiga BIOS da F10 a HP ko F2 a Dell ka kunna, a Intel ana ce mishi PTT. Amma in processor ɗinka zubi na 4 ne babu BIOS da zai canza shi, gara ka sa ma na'urar Linux Mint, wani tsari ne madadin Windows, tana tafiya lafiya lau da shi.