Shawara ga masu duba idan wuri ya ƙi magana

Ƴan uwa masu duba da wuri, wato ɗiyan wuri irin na kuɗin da, a Tawa da kewaye, idan kuka watsa wuri a faifai, wasu suka hau kan juna, ɗaya ya gangara ƙasa, sauran kuma suka rabu daidai tsakanin masu buɗaɗɗen baki da waɗanda suka kife, kada ku ƙaƙaba wa wannan zubin fassara don kunyar wanda ya zo.

Ku fara duba kayan aikin, domin faifan da ya karkata ko wurin da bayansa ya fashe yakan sauya yadda suke faɗuwa. Daga nan ku roƙi mai tambaya ya tsaya kan abu guda, tunda wanda ya haɗa aure da kasuwa da tafiya Libiya cikin numfashi ɗaya ba zai samu amsa madaidaiciya ba. A ganina, in an sake zubawa sau uku bai fito ba, a tattara a bari sai wata rana, kuma kada a nemi ƙarin kuɗi.

Abin da na fi jan kunne a kai shi ne ambaton kishiya ko maƙwabci bisa zato, domin hakan yana raba gida. In tambayar ta shafi ciwo, ku tura mutum wurin likita tun ranar.