Yadda na gyara matsalar yarana da ke karyewa a mita 50 na ƙarshe

Wata uku ina fama da abu ɗaya, yaran da nake horarwa a ninkayar mita 200 sai su fita kamar an harba kibiya, ɗarin farko lafiya lau, amma a hamsin ɗin ƙarshe hannu ya yi nauyi, ƙugu ya nutse, kai sai ɗagowa yake neman iska. Ni kuma da taurin kai sai ƙara musu nisa nake, har mita 6,000 a rana, wai numfashi ne babu. Ashe gajiya kawai nake tara musu, ɗaya ma kafaɗa ta fara damunsa.

Sai na rage zuwa 4,000, na sa mita 50 sau 8 a daidai gudun gasa, hutu sakan 20, kowa yana ƙirga bugun hannunsa. Wanda ya saba yin 38 in na ga ya kai 44 nan take nake tsayar da shi, don salon ya riga ya watse, ruwa kawai yake mari. Ranar Alhamis kuma mita 100 sau 6, dole rabi na biyu ya fi na farko sauri, wallahi sun tsani wannan.

Sati shida aka yi, yarinyar da ta fi kowa karyewa ta rage sakan 3 daga lokacin da ta saba yi.